Mai Sikeli da Harsasan Kwazazzabo

Ruwa ya kwana uku yana sauka, ba mai ƙarfi ba, irin yayyafin nan da ba ya ɗaukewa, wanda ke sa ƙofofi su kumbura su ƙi rufuwa. Rana ta huɗu da safe sai gari ya washe. Rana ta fito fara sol, babu zafi, ƙasa tana ta tururi, kwaɗi suna kuka a bayan gidaje har hantsi. Na riƙe wannan rana sosai, domin ƙofar ɗakin yayata na je sassaƙewa, ni kafinta ne, kuma a ranar na fara sanin irin mutumin da take aure.

Shekararsu biyu da aure a lokacin. Abin da na sani game da shi bai wuce abin da kowa ya sani ba: yana gyaran sikeli a wani ɗan shago a bakin kasuwa, ba ya doguwar hira, kuma kowa Mai Sikeli yake ce masa, har Yaya in tana ba da labarinsa. Na shiga da jakar kayan aikina, na tarar da shi a tsakar gida ya naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa, sanda a hannu ɗaya, tsohon gwangwanin madara a ɗayan. Na gaishe shi, na tambaye shi ko kamun kifi za shi da wannan gwangwani. Yaya ce ta amsa daga wajen murhu, ta ce ina ma kifi ne, ai da an ci. Tsintar harsashi za shi, kamar kaza da tsakuwa.

"Ƙofa za ta jira," in ji shi. "Ƙasa ce ba ta jira, in ta bushe ta sake rufe bakinta. Zo mu je, ƙanen mata, ka riƙe mini gwangwani, ko yau ka yi wa wani amfani."

Muka bi bayan gari, muka ratsa gonaki, har muka isa wani kwazazzabo da ruwa ya haƙa tun kafin a haifi kowa. Tafiya yake a hankali, kansa a ƙasa, kamar wanda ya yar da allura. Can sai ya tsaya, ya sa bakin sanda ya tono wani abu fari kamar guntun alli, ya murza shi a tafin hannu da babban yatsa, ya miƙo mini. Nauyinsa ya ba ni mamaki. Ya ce dalma ce, in ta daɗe a ƙasa takan yi wannan farin ɓawo, kuma kada in kuskura in kankare shi, domin rabin labarin a jikin ɓawon yake. Ya nuna mini tsininsa, da zobba uku da suka zagaye gindinsa, da ɗan ramin da ke ƙarƙashi. Ya ce wannan na sojojin da suka zo daga nesa ne, zamanin kakanninmu. Sa'an nan ya juya shi a hasken rana har na ga waɗansu siraran layuka a karkace. Ya ce cikin bindiga ne ya zana su, ke nan harba shi aka yi, ba faɗowa ya yi daga jakar wani ba.

Na ce to an harba, sai me? Da wanda ya harba da wanda aka harba duk sun zama ƙasa.

Bai ji haushi ba. Ya ce harsashin da aka harba yana nuna inda mutum ya nufa, wanda ya faɗi bai tashi ba kuwa yana nuna inda mutum ya tsaya. In ka tara su da yawa, kuma ka san inda ka tsinci kowanne, za ka ga yaƙin a shimfiɗe a gabanka kamar tabarma. Ya ciro kwalin ashana daga aljihu, ya sa harsashin a ciki, ya zana itacen da ke kusa da mu a bayan kwalin da guntun fensir, ya yi ɗigo-ɗigo iya yawan takun da ke tsakani.

Sai da muka dawo, ina sassaƙar ƙofa, Yaya ta gaya mini dalili, murya ƙasa-ƙasa don kada ya jiyo daga ɗaki. A wancan yaƙin an ba kakansa mutum goma sha biyu, da bindigogi irin na da, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki a bi da dunƙulallen harsashi. Aka ce su tsare kwazazzabon, domin ta nan kaɗai baƙin za su iya hayowa. Mutanen da ke cikin gari suka kasa kunne tun safe har azahar. Sun ji ƙarar bindigogin baƙi, ba su ji ko ɗaya ta mutanensu da ke kwazazzabon ba. Da la'asar gari ya faɗi. Baƙin suka hana kowa fita bayan gari har damina ta wuce, kuma cikin sha ukun nan ba wanda ya dawo ya ba da labari. Waɗansu suka ce an kashe su suna gudu, waɗansu suka ce sun tsere wata ƙasa, kunya ta hana su komowa. Tun daga nan aka daina kiran kakan da sunansa, sai Bai-Harba. Ɗansa ya rayu ɗan Bai-Harba, ya mutu ɗan Bai-Harba. Mai Sikeli ya gaji sunan kamar yadda ake gadon gona.

Abin da yake nema, in ji Yaya, ba shi da yawa: dunƙulallen harsashi guda ɗaya tak, wanda ya baje don an harba shi, a wancan gefen kwazazzabon inda baƙin suka tsaya. In ya samu ɗaya, ya isa ya ce kakansa bai gudu ba.

Daga ranar na zama ɗan rakiyarsa in aiki ya bar ni. Ni na yi masa akwatin da yake jera kwalayen, mai aljihu goma sha biyu, kowane aljihu da ɓangaren filin da ya tsaya masa. Shagonsa ɗan ƙarami ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Sikeli ne a rataye ko'ina, na masu nama, na masu hatsi, na masu ƙusa, ga duwatsun awo a jere a kan kanta daga babba zuwa ƙarami kamar 'yan gida ɗaya. Warin man inji da tsatsa ba ya barin wurin. In aka kawo masa sikelin da ke ƙarya, yakan ɗora shi a kan tebur ya zauna yana kallonsa yana lilo, ba ya taɓa shi sai ya gama fahimtar ta ina ciwon yake. A can cikin lungu kuma akwai wani ɗan ƙaramin ma'auni na tagulla, irin na masu zinariya, a naɗe cikin ƙyalle. Wannan na harsasai ne kaɗai.

A hankali labari ya bazu. Manomi in garma ta tono masa wani abu mai nauyi, sai ya jefa a aljihu ya kawo ranar kasuwa. Mai Sikeli yakan karɓa ya jijjiga a hannu, ya duba gindi, ya ƙirga zobba, ya ɗora a ma'auni, sa'an nan ya yi magana. Wannan dogon mai rami na bindigar baƙi ne ta farko. Wannan siririn mai rigar tagulla na baya-bayan nan ne, bai kai shekarun kakan kowa ba. Wannan kuma mai huda a tsakiya ba harsashi ba ne sam, dalmar komar masunta ce, mayar musu da abinsu. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne a kawo masa harsashi an goge shi da yashi yana ƙyalli, wai don a burge shi. Yakan ce an wanke wasiƙa kafin a kawo a karanta. In kuwa wani ya zo da mai kwanso wanda bai tashi ba, ba ya ko karɓa. Sai ya sa a ajiye shi can nesa a ƙasa, a je a gaya wa 'yan sanda, ya ce shi aikinsa da matattun harsasai ne, ba masu barci ba.

A gaban shagon akwai benci, ni na yi shi ma, inda dattawan layin ke shan shayin safe. A nan Tela yake zama, maƙwabcin shagonsa, mutum mai baki kamar almakashinsa. Kusan kowace safiya da ita yake buɗe hira.

"Jikan Bai-Harba, an tashi lafiya? Jiya nawa kakanka ya harba?"

"Ana kan dubawa," Mai Sikeli zai ce, bai ɗaga kai ba.

Wata rana Tela ya naɗo maɓallin riga a takarda ya kawo masa, ya ce a auna, wataƙila wanda ya tsinke daga rigar kakan ne sa'ad da yake sheƙa gudu. Aka yi ta dariya, har da Mai Sikeli. Kada a ɗauka Tela mugu ne. Shi ke ɗinka wa 'ya'yan Mai Sikeli kayan makaranta, kuma ranar da Yaya ta kwanta asibiti shi ya fara zuwa dubiya. Sai dai na lura, duk ranar da aka yi irin wannan wasan, Mai Sikeli yakan daɗe a kan sikeli ɗaya fiye da yadda aikin ke bukata.

Akwai shekarar da wani malamin sakandare ya zo da na'urar gano ƙarfe, mai doguwar sanda da faifai a ƙasa, wadda ke kuka in ta ji ƙarfe. Muka fita da ita yini guda. Ta yi wa marfin kwalba kuka, ta yi wa ƙusa kuka, ta yi wa gwangwanin kifi da tsohon bakin garma kuka. Da yamma Mai Sikeli ya yi wa malamin godiya sosai, ya raka shi har titi. Da muka juyo ya ce mini na'urar 'yar'uwar Tela ce, komai ta gani sai ta yi magana. Ya koma wa sandarsa.

Haka shekaru suka yi ta tafiya, har talatin da ɗoriya. Yara suka girma suka watse. Aljihunan akwatin suka cika, na yi masa na biyu. Ya san inda baƙin suka jera, ya san inda suka matsa gaba, ya san bakin tsohon gari inda mutanenmu suka mayar da wuta, domin a can ya tsinci dunƙulallun da suka baje kamar kwabo. Amma a kwazazzabon, ko ɗaya. Ba a wancan gefe ba, ba a wannan ba.

Sai aka zo yin titi, za a kafa 'yar gada a kan kwazazzabon. Ni aka ɗauka in haɗa katakon da ake zuba kankare a ciki. Injin haƙa ya yanke gefen da ke wajen gari, ya bar bango a tsaye kamar an yanka burodi. Na aika masa, ya zo da tsakar rana lokacin da leburori ke hutawa a inuwa. Muka sauka mu biyu. Ya bi bangon da ido, ya tsinci dogayen harsasan baƙi da yawa, duk a baje, yana jefawa a aljihu ba tare da ya kula da su sosai ba. Sai a wani wuri daidai ƙugu ya ga fari-fari a cure. Ya sa yatsa ya tona, suka fara gangarowa cikin tafinsa, dunƙulallu, irin na mutanenmu. Guda arba'in da ɗaya muka tara. Duk a wuri ɗaya suke, duk lafiyayyu.

Ya zauna a ƙasa, cikin laka, da farar rigarsa.

"Ka gani?" ya ce.

"Na gani."

"Ba wanda ya tashi. Ko ɗaya."

Ni ma na san karatun zuwa lokacin, shi ya koya mini. Tarin harsasai a wuri ɗaya, ba a harba ba, ma'anarsa mutum ya zubar da jakarsa. Wa ke zubar da jakar harsashi in ba mai son gudu ya yi masa sauƙi ba? Abin da ya kwashe rayuwarsa yana nema ya samu, sai dai a juye. Na duba sama, leburori suna can suna barci. Na ce masa ba wanda ya gani sai ni da shi, kuma gobe da safe za a zuba kankare a nan, ya mayar da su ramin mu tafi. Sai ya ce 'yan kasuwa nawa suka roƙe shi ya ɗan karkata musu sikeli ya ƙi, ba zai fara da kakansa ba. Ya ɗaure su a hankicinsa.

Amma bai auna su ba. Wannan ne karo na farko da harsashi ya shiga hannunsa bai hau ma'auni ba. Ya juye su a gwangwani, ya ɗora a kan kabad ɗin ɗakinsu, ya bar su nan wajen wata biyu. Ya daina fita bayan ruwa. A benci in Tela ya yi tambayarsa ta kullum, sai ya yi kamar bai ji ba, har Tela da kansa ya tambaye ni a ɓoye ko mutumin ba shi da lafiya ne. Abinci ma sai ya taɓa ya ture.

Yaya ba mai haƙuri da irin wannan ba ce. Wata safiya ta aika aka kira ni. Na tarar ta sauko da gwangwanin ta dire shi a gabansa, kusa da kofin shayi, ta kuma sa an ɗauko ƙaramin ma'aunin daga shago.

"Malam, shekara talatin ina share ƙarƙashin kwalayen nan ban ce komai ba."

"Kin ce," in ji shi.

"To na ce. Amma ban taɓa zama da gwangwanin da ke hana mutum cin abinci ba. Ko ka auna su yau, ko in kai wa masunta su ɗaura a koma."

Ya dube ni kamar zan cece shi. Na ce ni ƙani ne, ba ni da ta cewa. Sai ya warware ƙyallen.

Ya taɓa gaya mini cewa harsashi ko ya baje ba ya rasa nauyinsa, don haka ma'auni na iya faɗin girman da yake da shi tun asali. A faranti ɗaya ya sa bajajjen harsashi daga bakin tsohon gari, irin wanda mutanenmu suka harba. A ɗayan ya sa na kwazazzabo. Ya kamata su yi daidai, tunda bindigogin iri ɗaya ne. Na kwazazzabon ya rinjaya. Ya sake wani, ya rinjaya. Ya sauya musu faranti don kada ma'aunin ne ke wasa da shi, duk ɗaya. Talatin da biyu ya auna, duk sun fi nauyi, kuma duk daidai da juna. Sauran taran kuwa kowanne da nasa nauyin, wani ya ragu kaɗan, wani da yawa. Ya ɗauko gilashin da yake duba haƙoran sikeli da shi, ya fita tsakar gida inda haske yake. Ya daɗe. Sa'an nan ya kira ni ya ba ni gilashin. A ƙarƙashin farin ɓawon, jikin harsashin ba a mulmule yake ba, fuska-fuska ne, kamar dankalin da aka feraye. Ni da nake aikin sassaƙa ba sai an gaya mini ba, aikin wuƙa ne. Ɗaya ma da shatin haƙora a jikinsa.

Sai ya sa takalmi. Muka nufi gidan ɗan baffansa. Ashe bayan wancan yaƙin wani manomi ya tsinci bindigar kakan a kwazazzabon ya kawo wa iyalinsa, cikinta fes babu baƙin hayaƙi, kuma wannan ne ya ƙara tabbatar wa mutane da zancensu. Gara ta cinye ƙotar tuntuni, ƙarfen kuwa an kafa shi a bayan gida ana ɗaure akuya. Ɗan baffan ya yi ta mita, wai ina zai kai akuyarsa, sai da na yi alkawarin sassaƙa masa turke. Kwana uku Mai Sikeli yana jiƙa ƙarfen da mai yana goge cikinsa, har ya gamsu cewa ba tsatsa ce ta matse bakin ba. Ya ɗauko lafiyayyen harsashi daga waɗanda ya tsinta a bakin gari, ya sa, ya tura da siririn ƙarfe, ya wuce sumul. Ya ɗauko na kwazazzabo ya ɗora. Ya zauna a bakin bindigar kamar ƙwai a bakin kwalba. Bambancin bai fi kaurin farce ba, amma ko da guduma ba zai shiga ba.

Sai a lokacin ya tuna da dogayen harsasan da ya cika aljihu da su a ranar. Ya zazzage su, sun haura sittin, duk daga wannan ɗan bangon. Ya ce ba sojan da ke ɓata harsashi sittin a kan ramin da babu kowa. Mutanen nan suna nan a wurin, tun safe har azahar. An ba su harsasan da suka fi bakin bindigoginsu, suka zube su a gabansu, suka zauna suna feraye dalma da wuƙa, wani har da haƙori, ana yi musu ruwan wuta.

Na zaci daga nan benci zai nufa. Sai ya sake ɗaukar gilashi, domin ya ga wani abu. Kowane ɗaya daga dunƙulallun kwazazzabon yana da ɗan ƙurji ƙarami a wuri ɗaya, kusa da layin da ɓangarori biyu na abin zubin harsashi ke haɗuwa. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya naɗe komai ya ce sai gobe.

A nan dole in faɗi abin da ban faɗa ba. Ni da Yaya jikokin maƙeri ne. Kakanmu shi ne maƙerin garin a wancan zamani, kuma tsohon akwatin kayansa yana wurina, Mai Sikeli ya taɓa gani da muna kwashe ɗakin mahaifinmu. Washegari ya zo rumfata ya daɗe yana zagaye-zagaye, yana tambayar farashin katako da bai da niyyar saya, kafin ya ce ko zan buɗe masa akwatin. A ciki akwai abin zubin harsashi guda biyu, kamar awartaki mai rami a baki. Ƙaramin na bindigogin yau da kullum ne, babban na maharban manyan namun daji. In ba ka jera su ba, ba za ka bambanta ba. A cikin ramin babban akwai ɗan tsagu. Ya sa harsashin kwazazzabo ya rufe, ya zauna daram, ƙurjin ya faɗa cikin tsagun.

Ina jin kakanmu yana cikin gaggawa ne, ana ta zuwa ana cewa a ba mu, a ba mu, ya miƙa hannu ya ɗauko wanda ba shi ba. Ni ma na taɓa yanka katako da awon wata ƙofar.

Mai Sikeli ya ce a bar maganar. Ya ce shi ya sani, ni na sani, ya wadatar. Ba zai cire suna daga kan gidansu ya ɗora wa gidan matarsa ba, ga shi 'ya'yansa jinin gidajen biyu ne. Na ce duk yadda ya gani. Amma Yaya ta ga mun shigo kamar waɗanda suka dawo daga jana'iza, ba ta bar mu mun zauna ba sai da ta ji komai. Ta karɓi abin zubin ta jujjuya shi a hannu.

"Ashe kakana ne," ta ce. "Allah Ya jiƙansa. To sai me? Kuskure ya yi, kamar yadda nakan zuba gishiri sau biyu. Naka kuwa shekara nawa ana ce masa matsoraci, alhali yana zaune a rami yana cizon dalma? Ka je ka faɗa. In ka rage rabi, ni zan zo bencin in ƙarasa."

Ta sa masa abin zubin a aljihu da hannunta.

Da safe muka je. Ya jira aka zuba shayi, Tela ya yi tambayarsa. Maimakon amsa, sai ya miƙa masa ƙarfen bindigar da harsashi ɗaya, ya ce ya ɗura. Tela ya danna da babban yatsa, ya danna da gindin almakashi, ya juya ya buga a ƙasa, har hularsa ta faɗi. Ya ce wannan ai ba na nan ba ne. Mai Sikeli ya ce irinsa aka ba su. Ya jera ferayayyun guda tara a kan benci, ya ba da gilashi ana zagayawa da shi, ya faɗi abin da ya gani, a taƙaice, kamar yana gaya wa mai nama abin da ya sami sikelinsa. Mai shatin haƙoran ya daɗe a hannun Tela.

"Bai harba ba, wannan gaskiya ne," in ji Mai Sikeli. "Amma yana wurin."

Wani dattijo ya tambaya wa ya zuba harsasan. Mai Sikeli ya dube ni, ya ciro abin zubin ya ajiye, ya ce kakan matarsa ne, kuma ita ta ce a faɗa. Tela ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe.

"Kai dai ka ji mutum," ya ce. "Shekara talatin kana bin jeji neman mai laifi, ashe jikarsa ce ke dafa maka abinci."

Dariya ta ɓarke, Mai Sikeli ya yi har da hawaye, ban san na wanne ba ne. Washegari da ya zo buɗe shago, Tela ya ɗago daga kan keken ɗinkinsa ya ce, "Jikan Mai Wuƙa, an tashi lafiya?" Ni kuwa daga ranar, duk sa'ad da na kai wa wani ƙofa, sai an tambaye ni ko na tabbata da awon, tunda abin a jini yake. Na ɗauka, ba nauyi gare shi ba.

Ba zan ce duk gari ya sauya ba. Tsofaffin da suka saba da tsohon sunan waɗansu sun mutu da shi a bakinsu, matasa kuma ba su ma san an yi wani yaƙi a inda motoci ke wucewa ba. Shi dai ya koma cin abincinsa. Bai ƙara sauka kwazazzabon ba, amma ya ci gaba da duba wa manoma abin da suka tsinto har idonsa ya fara gazawa, daga baya ma da hannu kawai yake ganewa. Yaya ta rasu shekara shida da suka wuce, Tela ya bi ta bayan shekara ɗaya. Shagon yanzu masu gyaran waya ne a ciki, ba wanda ke kawo sikeli gyara, sai dai a yar a sayi sabo. Akwatunan biyu suna ɗakin karatu na makarantar sakandare, malamin nan mai na'ura ne ya nema aka ba shi.

Mai Sikeli yana gidan babbar 'yarsa, a ɗakin da ke kusa da ƙofar shiga. Ya haura tamanin, ba ya gani, amma kunnensa da hankalinsa lafiya lau. Nakan je wurinsa duk ranar Laraba da hantsi.